Wa Ya Turo Ka? Abin da Bincike Ya Nuna Kan Adalci da Damawa da Kowa a Wurin Aiki

A Maraɗi, sau da yawa kafin a manna takardar neman ma'aikaci a bango an riga an san mai hawa kujerar. Ba lalle sai da mugun nufi hakan ke faruwa ba. Shugaban ma'aikata ya ce wa mataimakinsa ana buƙatar mai kula da mangaza, mataimaki ya yi zancen a fadarsu da daddare wajen shan shayi, kafin gari ya waye ƙanen abokinsa ya haɗa takardu. Yarinyar da ta gama karatun lissafin kuɗi tana zaune a Bagalam, da gurgun da ya iya kwamfuta yana gyaran waya a bakin babbar kasuwa, babu wanda ya ce kada su nema. Labarin ne bai isa kunnensu ba, kuma ko ya isa, sun san tambayar farko da za a yi musu a ƙofa: wa ya turo ka?

Rubuce-rubucen da ake yi kan wannan al'amari galibinsu daga Amurka suka fito, inda dokar 1964 ta haramta nuna bambancin launin fata, addini, jinsi ko asalin ƙasa wajen ɗaukar aiki. Daga baya aka dunƙule zancen a kalmomi uku. Ta farko, a samu mutane iri-iri a ma'aikata. Ta biyu, a yi adalci wajen ɗauka, albashi da ƙarin girma. Ta uku, wanda aka ɗauka a dama da shi, kada ya zama ɗan kallo. A can ma rigima ake yi a kai, domin a watan Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin rufe irin waɗannan shirye-shirye a ma'aikatun gwamnatin tarayya, manyan kamfanoni da dama kuma suka ja da baya. Siyasar tasu ce. Abin da ya dace mu ɗauka shi ne binciken da aka tara na shekaru, wanda ya nuna abin da ke aiki da abin da ke cin kuɗi a banza.

Abu na farko da binciken ya tabbatar, bambancin ana iya auna shi. A 2004 Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka wallafa sakamakon wani gwaji: sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga masu tallar guraben aiki a Boston da Cikago, takardun iri ɗaya, suna kawai aka sauya. Mai sunan farar fata yakan samu kira ɗaya cikin takardu 10, mai sunan baƙar fata sai ya aika wajen 15. A Faransa, a 2010, wasu masana uku suka yi makamancin haka da sunayen mata biyu ƴan asalin Senegal, ɗaya Marie Diouf ɗaya Khadija Diouf. Kiran da aka yi wa mai sunan Kirista ya ninka na mai sunan Musulma sau biyu da rabi. Masu tantance takardun nan, da za a tambaye su, yawancinsu za su rantse ba su da wariya a zuciya. Wataƙila ma gaskiyarsu suka faɗa. Ido ne ke tsayawa a kan sunan da ya saba da shi, hannu ya ture na baƙo gefe cikin daƙiƙa kaɗan.

Mu a nan launin fata ba shi ne babbar katangarmu ba. Katangunmu sanayya ce, da kasancewa mace, da naƙasa, da harshe, da kuma asali, wanda ba a cika son faɗarsa a fili ba. Har yau akwai gidajen da ake duba ko mutum ɗan maƙera ne, ko ɗan mahauta, ko jikan bayi, kafin a yarda ya shugabanci wasu, duk da cewa Nijar ta mai da bauta laifi a doka tun 2003, kuma kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta yanke hukunci a 2008 a shari'ar Hadijatou Mani, wata ƴar Nijar da aka riƙe a matsayin baiwa. Akwai ɗan Dakwaro Bafillace ko Buzu da ake yi wa dariyar Hausarsa a biro, da Kiristan da ake sa wa aiki ranar Lahadi ba tare da an tambaye shi ba, da Bazabarmiyar da aka turo daga Yamai ake zagaye ta da Hausa idan an zo maganar da ba a so ta ji. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumban 2012, ta hango yawancin wannan. Sashe na 5 ya hana mai ɗaukar aiki la'akari da jinsi, shekaru, asali, launi, addini, ra'ayin siyasa, naƙasa, cutar sida, amosanin jini ko zama ɗan ƙungiyar ƙwadago, wajen ɗauka, rabon aiki, horo, ƙarin girma, albashi, ladabtarwa ko sallama. Dokar ta kuma wajabta ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben da za a cike ga naƙasassu. Ba dokar ce ta yi ƙaranci ba, hanyar aiwatar da ita a teburin da ake zaɓen mutane ita ce babu.

To, me ake yi idan ana son gyara? Abin da aka fi sani shi ne taron bita. A kama zauren otal kwana biyu, a rataya ƙyalle, a kawo mai horarwa, a raba kuɗin zama, kowa ya koma biro ranar Litinin. Wannan shi ne wurin da binciken ya fi ba da mamaki. Frank Dobbin da Alexandra Kalev sun bi bayanan kamfanonin Amurka fiye da 800 na tsawon shekaru kusan 30. Suka tarar shekara biyar bayan an tilasta wa manajoji halartar horon yaƙi da wariya, adadin mata farare da baƙaƙen maza a kujerun shugabanci bai ƙaru ba, na mata baƙaƙe ma raguwa ya yi da kusan kashi 9 cikin 100. Dalilin ba boyayye ba ne ga duk wanda ya san halin ɗan Adam. Ka tara manya ka nuna musu da yatsa cewa azzalumai ne, za su gyaɗa kai a zaure, su fita da haushi. Abin da aka ji a bita kuma ba ya wuce kwanaki a ƙwaƙwalwa, alhali tsarin ɗaukar aikin yana nan yadda aka bar shi. Abubuwan da suka ga sun yi tasiri na daban ne: a ba manaja ƙaramin ma'aikaci ya raine shi a aiki, a tura manajoji da kansu makarantu su nemo matasa, a kafa ƙaramin kwamiti na shugabannin sassa da zai riƙa duba alƙaluma yana kawo gyara. A dukkansu an mai da manajan mai gyara, maimakon wanda ake tuhuma.

Sai dai kafin a zagi sanayya, a yi mata adalci. Kasuwancin Maraɗi a kanta aka gina shi. Alaƙar ubangida da bara, wadda masanin Faransa Emmanuel Grégoire ya yi nazari a kanta cikin shekarun 1980 lokacin da ya rubuta tarihin alhazan garin, ita ta ba da damar a ɗora wa yaro kayan miliyoyi ya kai Kano ko ya ɗauko daga Kwatano ba tare da takarda ko ɗaya ba. Alhajin da ya ɗauki ɗan ƙanwarsa ya riƙe masa shago ba wauta ya yi ba, amana yake saye, domin idan yaron ya ci kuɗi akwai gidan da za a je. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, ɗiyar dattijon Madyana ce ta ce wa mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki, domin mafi alherin wanda za a ɗauka shi ne mai ƙarfi, amintacce. Sharuɗɗa biyu ne. Sanayya tana ɗan lamunce na biyu, amma ba ta cewa komai game da na farko, kuma tana rufe ƙofa ga amintattun da ba su da kowa. Wani gwaji da Lori Beaman da abokan aikinta suka yi a Malawi ya nuna yadda hakan ke cutar da mata musamman: da aka ce wa masu neman aiki kowa ya kawo wanda ya sani, maza suka yi ta kawo maza. Da aka ce musu mace ake so, sai ga shi sun kawo matan da suka cancanta. Sun san su tun farko, ba su ne suka fara faɗo musu a rai ba.

Saboda haka duk wanda zai ce wa ɗan kasuwa ko shugabar asibiti mai zaman kanta su daina ɗaukar na gida, dole ya ba su abin da zai tsaya a madadin amanar. Akwai shi. Lokacin gwaji a rubuce cikin kwantaragi. Mutum biyu masu tsaya wa sabon ma'aikaci, waɗanda za a kira a yi magana da su da gaske. Sa hannu biyu kan duk kuɗin da zai fita. Ƙidayar kayan mangaza kowane mako, wanda zai ƙidaya kuma ba shi ne mai riƙe da makulli ba. Inda aka kafa waɗannan, baƙo ba ya zama haɗari, ɗan gida ma ba ya samun sakewar da takan rusa dukiyar dangi.

Ɗaukar aikin kansa yana da matakai, kuma jerinsu yana da muhimmanci. Ana rubuta abin da aikin ya ƙunsa tun kafin a ga fuskar kowa: ayyuka huɗu ko biyar da mutumin zai riƙa yi a mako, da abin da dole ya iya. Idan aka bari sai an ga masu nema, sharuɗɗan sukan lanƙwashe su dace da wanda zuciya ta riga ta zaɓa. A nan ne ake tambayar kai ko mai karɓar kuɗi a kantin magani yana buƙatar digirin jami'a da gaske, ko kuwa iya lissafi da karanta sunan magani ne ake nema. Kowane sharaɗin da ba dole ba yana zubar da mutane, kuma waɗanda ya fi zubarwa su ne ƴan mata da ƴan karkara da karatunsu ya tsaya a hanya. Sanarwa ta yi aƙalla mako biyu, ta fita a rediyo da Hausa, ta je ofishin ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, da cibiyoyin koyon sana'a, da ƙungiyoyin mata da na naƙasassu. Sannan a rage nauyin takardu. Takardar kotu ta shaidar rashin laifi wadda ba ta wuce wata uku ba, da takardar zama ɗan ƙasa, da kwafin shaidar karatu mai hatimi, da hotuna, duk kuɗi ne da zirga-zirga. Ɗan Mayahi ko Tasawa da ba shi da aikin yi ba zai iya haɗa su sau biyar a shekara ba. A nemi takardar bayanin kai kawai a zagayen farko, sauran a karɓa daga wanda aka zaɓa.

Ranar tantancewa ita ce inda aka fi yin ɓarna, don haka bari mu daɗe a kanta. Hirar da aka saba, wadda shugaba ke jingina da kujera yana tambayar duk abin da ya zo masa, tana auna abu ɗaya ne: wa ya yi kama da shugaban. Nazarce-nazarcen da aka tattara kan zaɓen ma'aikata sun daɗe suna nuna cewa tambayoyin da aka tsara tun farko, da gwajin aikin a aikace, sun fi hira sakaka nuna wanda zai iya. Yadda ake yi: mutum uku a teburi, aƙalla ɗaya mace. Tambayoyi shida, iri ɗaya, a jere ɗaya, ga kowane mai nema. Kowace tambaya a rubuta mata tun da wuri irin amsar da ta cancanci maki 1, da ta 3, da ta 5. Kowane alƙali ya rubuta makinsa shi kaɗai, a tattara takardun, sannan a buɗe baki. Wannan na ƙarshen kada a yi wasa da shi a garin da kunya da girmama na gaba suke da ƙarfi. Idan babba ya riga ya ce "yaron nan ya burge ni," ba ƙaramin ma'aikacin da zai ce a'a, ranka ya daɗe. Babba ya yi magana a ƙarshe. Wanda kuma yake da dangantaka da mai nema, ta jini ko ta aure ko ta maƙwabtaka, ya faɗa ya fita har a gama da shi.

Gwajin aikin ba ya buƙatar fiye da rabin awa. Mai neman riƙon mangaza a ba shi takardun shigar kaya da fitarsu guda goma, a ɓoye kuskure biyu a ciki, buhu 40 a wata takarda, 14 a kwafinta, a ga ko zai gano. Sakatariya a ba ta wasiƙa ta buga. Direba a zagaya motar da shi a ga ko zai duba mai da ruwa da taya kafin ya tayar. A irin wannan gwajin ne wadda ta shigo tana sunkuyar da kai, muryarta ba ta fita, takan ajiye alƙalami kafin kowa, ta nuna da yatsa inda 40 ta koma 14. A hirar baka da tuni an ce ba ta da kuzari.

Akwai tambayoyin da ba su da wuri a teburin. Kina da aure? Maigidanki ya yarda? Yaushe za ki haihu? Ɗan wane gida ne kai? Idan aikin yana da kwanan daji ko tafiya Bermo a kan babur, a faɗa wa kowa, mace da namiji, da kalmomi iri ɗaya, a tambaya ko zai iya. Ita ta san gidanta fiye da masu tambayar.

Wasu za su ce a goge sunaye daga takardu kawai a huta. A yi hattara. Faransa ta sa wannan a doka a 2006, aka gwada shi, sai aka tarar a kamfanonin da suka shiga gwajin ƴaƴan baƙi sun ƙara rasa kira, domin masu tantancewar da a da suke yi musu uzuri kan giɓin da ke tarihin aikinsu sun daina gane su. A 2015 aka soke wajabcin. Rufe suna yana da amfani wajen gyaran jarrabawar rubutu, inda lamba za ta tsaya a madadinsa. Ba maganin komai ba ne.

Haka nan maganar cewa haɗa mutane iri-iri yana kawo riba kai tsaye. Rahotannin kamfanin McKinsey na 2015, 2018 da 2020 sun yaɗa wannan ra'ayi, amma a 2024 Jeremiah Green da John Hand suka sake lissafin da bayanan manyan kamfanonin Amurka 500, ba su samu alaƙar ba. Wani bincike da Jonas Hjort ya yi a wata gonar furanni a Kenya ya fi kusa da rayuwarmu. Ma'aikata suna aiki uku-uku, ɗaya yana miƙa furanni, biyu suna ɗaurewa, kowa ana biyansa gwargwadon abin da ya ɗaure. Mai miƙawa yakan fifita ɗan ƙabilarsa, aikin rukunin da aka gauraya ya ragu, bayan rikicin zaɓen 2007 kuma abin ya ƙara muni. Da kamfanin ya koma biyan masu ɗaurewar biyu a kan abin da suka haɗa tare, fifikon ya rasa amfani, aikin irin waɗannan rukunai ya farfaɗo. Gauraya mutane kaɗai ba ta isa ba, sai an ɗaura nasararsu a igiya ɗaya. Hujjar adalci kuwa ba ta jiran riba: haƙƙi ne, kuma doka ce.

Bayan an ɗauka, sai zama. Rosabeth Moss Kanter ta nuna tun 1977 cewa idan wani rukuni bai kai kashi 15 cikin 100 na wurin aiki ba, ana daina ganin mutum a matsayin kansa, ya zama wakilin jinsinsa. Mace ɗaya cikin maza goma sha biyu, idan ta makara an ce mata ba sa iya aiki. Matan Nijar sun san wannan, shi ya fito da su titunan Yamai ranar 13 ga Mayun 1991, lokacin da aka sa mace ɗaya tilo a kwamitin shirya babban taron ƙasa, kuma shi ya haifar da dokar kason mata a muƙamai ta 2000, wadda a 2019 aka ɗaga ta zuwa kashi 25 na kujerun zaɓe da 30 na naɗi. A ma'aikata, ma'anarsa a ɗauki biyu ko uku a sashe ɗaya, kada a warwatsa su ɗai-ɗai don ado.

Sauran abubuwan ƙanana ne a ido, amma su ke korar mutane. Taron da ake sawa bayan la'asar ya kai magariba, ko shawarar da ake yankewa a fada bayan isha'i, sun fitar da duk mai shayarwa daga cikin masu faɗa a ji. Doka ta ba mai ciki hutun mako 14, takwas daga ciki bayan haihuwa, da hutun shayarwa har awa ɗaya a yini, amma sai an tanadi wanda zai riƙe aikinta tun cikin yana wata shida, in ba haka ba abokan aiki su ɗauki nauyin su huce a kanta. Makewayin mata daban mai sakata daga ciki. Matakalar ƙofa mai tsayin santimita 30 tana buƙatar gangara mai tsawon mita 3.6 kafin mai keken guragu ya hau da kansa, ƙofar kuma ta kai faɗin santimita 90. Gangarar da magini ya zuba a mita ɗaya don a ce an yi, tarko ce. Mai amosanin jini yana buƙatar ruwan sha a kusa, da kauce wa tsananin rana da sanyi, da izinin zuwa asibiti ba tare da an zabge masa albashi ba. Taro kuma a yi shi da harshen da kowa ke ji. Tun Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma har yanzu akan yi taro da Faransanci, direba da mai gadi da mai shara suna zaune shiru, alhali su suka fi kowa sanin inda man mota ke zurarewa. Idan kuma da wanda ba ya jin Hausa sosai, a ajiye wanda zai riƙa juya masa maganar.

Koke yana buƙatar ƙofa biyu, domin idan ƙofa ɗaya ce kuma wanda ake ƙara shi ke zaune a bakinta, ba mai shiga. Dokar ƙwadago ta haramta neman ma'aikaciya da lalata ta hanyar amfani da muƙami, sufeton ƙwadago kuma yana nan ga wanda aka gaza yi wa adalci a cikin gida. Abin da ya fi lalata tsarin koke shi ne ramuwa a ɓoye: a daina gaishe ta, a cire sunanta daga tafiye-tafiyen da ake samun alawus, a sauya mata teburi. Don haka wata uku bayan kowace ƙara a koma a duba me ya sami mai ƙarar.

Duk wannan ba ya ɗorewa sai da ƙidaya. Takarda ɗaya ta isa, sau biyu a shekara: mutum nawa suka nema, nawa aka kira, nawa aka ɗauka, nawa ake biyan kowa a mataki ɗaya, wa aka tura horo, wa ya bar aiki kuma me ya sa, kowanne a raba maza da mata, da masu naƙasa. Ƙabila da asali kada a rubuta su a fayil ɗin kowa, a gari irin namu wannan takardar za ta iya zama makami. Idan mata 30 suka nema aka kira biyu, matsalar tana wajen tantance takardu. Idan an ɗauke su suna tafiya kafin shekara, tana cikin biro.

Saura wayar da ba makawa za ta shigo, ta dattijon da ba a iya ce wa a'a. "Ɗana, ga ƙanenka nan na turo maka." Shugaban da ke yanke hukunci shi kaɗai ba shi da mafita, ko ya saɓa wa babba ko ya zalunci wani. Wanda ya kafa kwamiti da maki a rubuce yana da amsar da ba ta zubar da girman kowa: "Baba, Allah ya ƙara girma, ya kawo takardarsa kafin ranar Alhamis. Mu uku ne ke ba da maki, ni kuwa tunda ƙanena ne, fita zan yi idan an zo kansa."